Mazarƙwaila a Gefen Mayafi

Shekarar da mahaifinmu ya rasu, bayan Inna ta fita takaba, ba ni da wani buri da ya wuce in ɗauko ta daga Kibiya ta dawo gidana a Rano. Ni ce 'yarta ta fari. Ƙannena maza biyu sun yi nisa wajen neman abinci, gidan ya zama daga ita sai kaji da wata tsohuwar akuya mai taurin kai. Damina ta ci rabin katangar baya, ƙafarta ta hagu kuma tana yawan kumbura. Duk ranar da hadari ya haɗu ta gabas, jikina ne kawai a Rano, hankalina yana can wajenta.

Mijina malamin makarantar sakandare ne, kuma shi ya fara cewa a ɗauko ta. Da kansa ya kwashe buhunan masara daga ɗakin da ke kusa da kicin, ya sa aka yi masa fenti, aka saka sabuwar ƙofa. Inna ce ta ƙi. Ba ta ce a'a ba, don Inna ba ta iya cewa a'a ba. Sai ta ce a bari a yi girbi. Aka yi girbi, ta ce a bari akuya ta haihu. Akuya ta haihu, ta ce ai 'ya'yan ba su yi ƙwari ba.

Na san abin da ke ranta, kunyar suruki ce. Tun da aka ɗaura mana aure ita da mijina ba su taɓa haɗa ido ba. Idan mun je Kibiya, a bakin zaure yake cire takalmi ya tsuguna, ita kuma ta ja mayafi ta juya fuska wajen bango, su gaisa a haka kamar masu magana ta waya. Ko ruwa ɗayansu bai taɓa kurɓa a gaban ɗaya ba. Ni kaina ba ta kiran sunana, daga "ke" sai "wannan". A birni na ga surukai suna cin abinci a faranti ɗaya suna kallon talabijin, amma Inna da mijina Malam irin mutanen da ne, kuma kowannensu yana jin daɗin yadda ɗayan yake riƙe da abin.

Sai na yi dabara. Yara sun daɗe suna damun ubansu ya kai su wurin wasan nan na cikin Kano, mai lilo da jirgin ƙasa na yara, ya kuma yi musu alkawarin Babbar Sallah. Na ce a tafi da Inna. Lissafina shi ne, idan ta yini da shi a mota ɗaya da inuwa ɗaya, ta koma gida ta ga babu abin da ya ragu a jikinta, to maganar ɗakin nan za ta yi sauƙi. Ita ban faɗa mata haka ba. Cewa na yi jikokinta sun rantse ba za su hau lilo ba sai tana kallo. Ta ce, "Ni da tsufana me zan yi a wajen lilo?" Amma ta zo.

Sauran aiki shi ne abinci. Wata maƙwabciyata da ta taɓa zuwa ta gargaɗe ni, ta ce kwanon shinkafa ɗaya a can ya isa cefanen gida na yini guda, kuma idan ka buɗe sai ka ga cinyar kaza kamar ta tattabara. Mu kuwa rago ya riga ya cinye albashi. Na ce ai ni ba za a yi wannan da ni ba. A fannin girki ina da ji da kai, ban taɓa ɓoyewa ba. Ina ganin duk macen da ta sayi abincin waje alhali tana da murhu, to lalaci ne yake damunta.

Na ware soyayyen naman layya, na daka wani na yi dambu. Na tsinko zogale daga bishiyar bayan gida na yi kwaɗo da ƙuli-ƙuli da albasa. Na jiƙa wake na yi alale a gwangwanaye, kowanne da yankan dafaffen ƙwai a tsakiya. Na yi wa yara waina. Na dafa zoɓo da citta da kanumfari da ɓawon abarba, na kai gidan maƙwabciya mai firiza ya daskare. Duk abin nan, ban da ƙwai da shinkafar waina, babu abin da na fita na saya.

Zoɓon babu sukari ko ƙwaya. Shekara biyu kafin nan likita ya ce Malam yana da ciwon suga, har ta kai an ɗora shi a kan allurar da yake yi wa kansa kullum da safe, da sharaɗin lallai ya ci abinci bayanta. Tun daga ranar na kori sukari daga gidana gaba ɗaya, har yara na saba musu da shan abu a haka. Inna ba ta san da ciwon ba. A wajenmu mace ba ta zama ta yi wa uwarta bayanin jikin mijinta, shi ma ba zai so ba.

Ta iso ana gobe tafiya, ta kwana a ɗakin mai sabon fenti. Na ga ta tsaya tana shafa bangon da tafin hannu, raina ya yi fari. Da na shiga kai mata ruwa na tarar ta kwance gefen mayafinta tana gutsura wa autana mazarƙwaila. Na ce, "Inna, don Allah kar ki ɓata musu haƙora." Ta ƙulle abinta ba ta ko dube ni ba, ta ce da yaron, "Mai gidana, uwarka ta zama likita. Bari sai ta ba da baya."

Da safe Malam ya yi allurarsa a ɗaki ya fito falo don ya karya, sai ya tarar da Inna a zaune jikoki sun kewaye ta, farantinsa kuma yana kan tebur a gabanta. Ya zube ya gaishe ta, ya fice tsakar gida. Kafin in ɗauki farantin in bi shi, direban motar da muka yi shata ya iso yana ta danna hon kamar wanda ake kora. Malam ya ce in zuba masa a leda, zai ci a hanya. Na zuba. A mota shi ya zauna gaba, Inna kuma kujerar da ke bayansa daidai, don nan ne ƙafarta za ta miƙe. Muka wuce Bunkure, muka wuce gonakin shinkafa, muka hau titin Zariya, ledar tana kan cinyarsa a ƙulle. Da muka shiga gari ya miƙa wa direba ita, ya ce ga ƙosai.

Na gani. Na ce a raina ai yanzu za mu isa, in samar masa gefe ya ci.

Wurin ya cika maƙil, kamar duk yaran Kano an kwaso su an juye a nan. A bakin ƙofa masu gadi suka buɗe kulolina ɗaya bayan ɗaya, ɗayansu har da cewa, "Hajiya, biki za a yi ne?" Suka ce ba a hana shiga da abincin gida ba, amma akwai rumfa guda a gefen ƙofa, a nan kaɗai ake cinsa, ba a wucewa da shi cikin filin wasa. Rumfar kwano ce doguwa, mata da yara sun cika ta. Da ƙyar na samu kusurwa na shimfiɗa tabarma ɗaya. Inna ta zauna ta miƙe ƙafa, na jera kuloli a gefenta.

Malam ya kwashi yaran uku ya shiga da su. Daga inda muke muna hango su. Suka hau dawakin roba masu zagaye, suka hau jirgin ƙasa, suka shiga motocin da ake karo da juna. Akwai wani ƙaton lilo mai ɗaga mutane sama har su fi bishiya tsawo, da babbar 'yata ta hau shi Inna ta rufe ido tana salati, tana kuma leƙe ta tsakanin yatsu. Ta yi dariya ranar, irin wadda ban ji ba tun rasuwar mahaifinmu. Ta ce, "Wannan mutumin yana da haƙuri da yara." Wannan mutumin, wato mijina. A bakin Inna wannan babban yabo ne, na ji kamar in tashi in taka rawa.

Rana ta take, suka dawo bayan azahar yaran suna kukan yunwa. Na buɗe kuloli, ƙamshi ya tashi, har matar da ke kusa da mu ta leƙo ta tambaye ni yadda nake sa alale ya yi laushi haka. Na zuba wa yara, na zuba wa Inna, na zuba wa Malam alale biyu da kwaɗo da nama. Inna ta ja mayafi ta juya wajen ginshiƙin rumfa, ta ɗora hannuwa a cinya. Malam ya tsaya a bakin tabarma, bai zauna ba. Faranti biyu suna ajiye, babu mai taɓawa.

Na tashi na ja shi gefe. Na ce, "Malam, ɗauki ka je can baya ka ci." Ya duba bayan rumfar, mata ne zalla, wasu suna shayarwa. Ya ɗauki farantin ya nufi wajen wata bishiya a cikin fili, mai gadi ya dawo da shi. Ya tambaya ko zai iya fita waje ya ci ya dawo, suka ce duk wanda ya fita sai ya sake yankar tikiti. Ya dawo ya ajiye farantin. Na ce to ya je shagon ciki ya sayi wani abu ya ci a can. Ya je ya dawo yana girgiza kai, ya ce shi ba zai ba da wannan kuɗin a kan abin da aka fi shi a kula ba. Ni ma, Allah ya sani, daɗi na ji da ya faɗi haka. Ya ce, "Ki bar Inna ta ci. Ni zan ƙara zagayawa da yara, in mun fita na ci a mota." Na ce, "A motar ma ai tana nan." Ya yi murmushi ya ce Allah ya kai mu.

Da ya tafi Inna ta juyo ta ci alale ɗaya da kwaɗo, ta ce gishiri ya yi daidai. Ta dubi farantinsa da na rufe da murfi, ta ce, "Shi ba ya cin abincin rana ne?" Na ce ya ƙoshi. 

Wajen la'asar babbar 'yata ta zo da gudu ta ce Baba ya zauna a ƙasa ya ƙi tashi. Kafin in miƙe sai ga shi wasu samari biyu sun riƙo shi. Rigarsa ta jiƙe sharkaf, hannuwansa suna rawa, idonsa a buɗe amma ba ni yake kallo ba. Suka zaunar da shi a tabarma, a gefen Inna, wurin da da hankalinsa ko da bulala ba zai zauna ba. Na kira shi, ya amsa da wata magana da ba ta da kai, wai a rufe tagar aji. Likita ya taɓa yi min bayanin wannan, ya ce idan ta faru a ba shi abu mai zaƙi nan take, kar a jira. Na shiga buɗe kuloli kamar mahaukaciya. Nama, zogale, alale, zoɓon da na yi alfahari da shi. Abinci ya ishi mutum goma, amma babu abu ɗaya mai zaƙi a ciki.

Inna ta ce, "Ke, mene ne?" Na ce, "Ciwon suga gare shi, Inna. Ya yi allura bai ci komai ba tun safe. Zaƙi ake nema." Ban tsaya jin abin da za ta ce ba, na zari jaka na ruga shagon lemo.

Layi ne a shagon har ya lanƙwasa. Na kutsa ina ba da haƙuri, wata ta ce kowa ma da yara ya zo. Na ce mijina ne zai mutu, sannan aka buɗa min. Mai shagon ya tsaya neman canji, na bar masa na juyo. Tsakanin shagon da rumfar ba nisa, amma a tafiyar nan babu abin da ban gani ba a zuciyata. Na ga kaina da takaba, na ga yara uku, na ga ɗakin mai fenti. 

Da na iso mutane sun yi da'ira. Na ture su na shiga, sai na tsaya da kwalba a hannu. Inna ta yaye mayafinta gaba ɗaya, yana ƙasa, gefen a kwance. Ta tallafo kan Malam da hannun hagu ta jingina shi da kafaɗarta. Ta marmasa mazarƙwaila a kofin zoɓo ta dama da yatsa, tana ɗura masa kaɗan kaɗan, tana goge abin da ya zubo a gemunsa da bakin zaninta. Tana cewa, "Haɗiye, ɗana. Haɗiye. Yauwa, ƙara." Fuskarta tana dab da tasa, tana kallon cikin idonsa.

A hankali rawar hannun ta lafa. Idonsa ya dawo, ya dube ni, ya dubi yara, sannan ya gane kafaɗar da kansa yake kai. Ya zabura zai tashi, ta danne shi. Ta jawo farantinsa ta buɗe ta ajiye a gabansa, ta ce, "Ci." Ya sunkuyar da kai. Ta sa hannu ta gutsuri alalen ta kai bakinta, ta tauna a gabansa, ta haɗiye. Ta ce, "Ga shi na ci. Saura kai." Ya ci, kansa a ƙasa, hawaye yana ɗiga a farantin. Ya cinye alale biyun da naman, ita kuma ba ta juya baya ba har ya gama.

A hanyar komawa yara suka yi barci a jikin juna. Malam yana gaba, ya jingina kai da gilashi. Ni kuwa, duk da tsoron da bai gama sakina ba, wani farin ciki ne yake tasowa a ƙasan raina. Na ce shi ke nan, abin da nake nema ya samu ta hanyar da ban zata ba. Ta riƙe kansa, ta kira shi ɗanta, sun ci a faranti ɗaya. Me kuma ya rage? Har na fara tunanin inda za a ɗaure akuya.

Muka isa Rano ana kiran magariba. Malam ya wuce masallaci, na shigar da kuloli. Na leƙa ɗakin Inna in tambaye ta ko a dama mata kunu, na tarar ta ƙulle kayanta a ɗankwali ta ajiye a bakin ƙofa.

Na ce, "Inna, wannan fa?"

Ta ce, "Gobe in Allah ya kai mu ki sa a nemo min mota da wuri."

Na zauna a bakin katifa. Na ce ai ɗakin nan nata ne, don ita aka gyara shi. Na ce yau ta gani da idonta Malam ɗanta ne, babu sauran wani abu a tsakani. Na yi maganar katanga, na yi maganar ƙafarta. Ta bar ni na gama tas.

Ta ce, "Tun safe bai ci ba saboda ina falo. A mota bai ci ba saboda ina bayansa. A can bai ci ba saboda ina kan tabarma. Yini ɗaya ke nan, ke. Yini ɗaya na yi a kusa da shi aka kwaso shi a hannu."

Na ce, "Ai yanzu ya wuce, ya ci a gabanki."

Ta ce, "Ya ci don ba shi da ƙarfin ƙi. Kin ga fuskarsa da ya farfaɗo? Gobe idan ya gan ni a tsakar gidan nan, ba abincin ba, ko numfashi sai ya nemi izini. Mutumin kirki ne, ba zai taɓa cewa na takura masa ba, sai dai a sake kwaso shi. Gidan mutum inda yake cin tuwonsa ne da hula a gefe. Ba zan raba shi da wannan ba."

Na yi kuka, na yi fushi, har na ce mata wannan ba kunya ba ce, taurin kai ne irin na akuyarta. Ba ta ji haushi ba. Ta kwance gefen mayafi ta ciro ragowar mazarƙwailar ta sa min a tafin hannu. Ta ce, "Ki sa masa a aljihu. Kuma ki bar korar sukari daga gida kamar wani ɓarawo."

Da Malam ya ji, washegari ya je bakin ƙofar ɗakin ya cire takalmi ya tsuguna, ya roƙe ta ta zauna. Ta ja mayafi ta juya wajen bango, ta sa masa albarka mai tsawo, ta ce a bari a ga bayan damina. Duk tsawon maganar bai ɗaga kai ba, ya ma fi da sunkuyawa. A nan na gane ta fi ni saninsa.

Ya tura magina suka tayar mata da katangar. Ƙafar tana nan yadda take, wata rana ta sauka wata rana ta hau. Duk ranar kasuwa sai wani direba ya tsaya a ƙofar gidanmu ya miƙo ƙullin mazarƙwaila, ya ce in ji Inna, a ba mai gida. Malam yana ɗauke da gutsure a aljihun gaba duk inda za shi, kuma abin bai sake kama shi a waje ba. Yara har yanzu suna labarin lilon nan, suna tambaya yaushe za a koma. Ni ko hanyar ba na son bi.

Idan hadari ya haɗu ta gabas ina fita tsakar gida in tsaya ina kallonsa, in kira wayarta, wani lokaci ta ɗauka, wani lokaci tana can ƙarƙashin filo ba ta ji. Ɗakin na bar shi a share da katifarsa har damina biyu. Bana da aka kawo masara daga gona babu inda za a sa, Malam ya tsaya yana kallona. Ni na ɗauko makullin ɗakin na buɗe wa masu dakon buhunan.